Tutiya da Tarihin Gonakin Malumfashi

Wanda ya bi hanyar mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi a farkon damina, kamar mako uku ko huɗu bayan shuka, in ya lura da gonakin masara dama da hagun, zai ga wani abu a waɗansunsu. Zai ga kunyoyi sun yi kore shar, sa'an nan ga wani gurbi a tsakiya inda masara ta tsugune, gaɓoɓinta sun matsu da juna, sabon ganyen da ke fitowa kuwa ya yi fari-fari, da zane mai faɗi a gefen jijiyar nan ta tsakiya. Mai gona ya zuba takin zamani yadda ya saba, ruwa bai yanke ba, ba tsutsa, ba gara. Waɗansu su ce ƙasar wurin ce ta mutu, waɗansu su ce takin ne jabu. Sau da yawa kuwa abin da ya sami masarar nan yunwa ce ta wani ɗan abinci ƙanƙane wanda babu shi cikin buhun da aka zuba mata. Sunan wannan abinci tutiya.

Kakanninmu sun yi noma a wannan ƙasa shekaru aru-aru ba su san wannan yunwa ba. To, me ya kawo ta a zamaninmu? Amsar tana cikin tarihin noman ƙasar, shi ne kuwa za mu bi daki-daki. Amma bari mu fara sanin ita tutiyar tukuna.

Mece ce tutiya?

Tutiya wani ƙarfe ne fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Kowa ya taɓa ganinta ko da bai san sunanta ba, gama ita a ke shafa wa kwanon rufi da bokiti don kada su yi tsatsa. Malaman gona da likitoci na yanzu sun fi kiranta zinki. Akwai ɓurɓushinta cikin duwatsu da ƙasa, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. In ruwa ya jiƙa ƙasa, kaɗan daga ciki ya kan narke, saiwa ta sha tare da ruwan.

Manyan abincin tsiro uku ne, su ne haruffan nan N da P da K da ku ke gani a jikin buhun kamfa. Na fari naitirojin, mai sa ganye kore, shi ne cikin yuriya. Na biyu fosfaras, mai ƙarfafa saiwa, shi ne cikin supa. Na uku fotash, mai ƙarfafa kara. Malaman gona su kan ce hekta guda ta masara a ƙasarmu tana son wajen kilo 120 na naitirojin a damina. Tutiyar da wannan hekta za ta ci kuwa ba ta kai kilo 1 ba. Duk da haka ba ta da madadi, gama da taimakonta tsiro ya ke yin abin da ke miƙar da gaɓoɓinsa, da ita kuma ya ke gyara koren ganyensa, wanda da shi ya ke dafa abincinsa a hasken rana. Misalinta kamar allura ce ga maɗinki. Kome yawan yadin da ka tara masa, in babu allura babu riga.

Yadda aka gane amfaninta

Cikin 1869 wani masani Bafaranshe mai suna Jules Raulin ya gane cewa wata irin fumfuna ba ta girma sosai sai da tutiya. Mutane ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, don a ganinsu fumfuna daban, amfanin gona daban. Sai cikin 1926 masana biyu a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Sommer da Lipman, suka rena tsire-tsire cikin ruwan da aka tace sarai, suka ba su ko wane abinci ban da tutiya. Tsire-tsiren suka tsumbure. Daga nan gardama ta ƙare.

Yadda abin ya iso gona kuwa akwai ban mamaki. A kudancin Amurka akwai wani itace mai 'ya'ya kamar gyaɗa, wanda wata cuta ta kan ƙanƙance ganyensa. Cikin 1932 masu bincike suna tsammani baƙin ƙarfe ya rasa, suka riƙa jiƙa gishirin baƙin ƙarfe suna sa wa ganyen. Wani lokaci ya warke, wani lokaci ya ƙi. Da suka bi diddigi sai suka tarar maganin ya fi ci in an dama shi cikin bokitin da aka shafa wa tutiya. Ashe bokitin ne ke ba da magani. Bayan wannan da shekara uku aka tabbatar a Fulorida cewa farin ganyen nan na ƙaramar masara rashin tutiya ke kawo shi.

Sauran ƙasashe ma sun ga nasu. A Indiya, cikin 1966, wani masani mai suna Nene ya gane cewa cutar da ke ƙone shinkafa a waɗansu fadamunsu, wadda su ke kira khaira, yunwar tutiya ce. A tsakiyar ƙasar Turkiyya kuma, bayan 1990, aka tarar alkamarsu ta daɗe tana wannan yunwa ba a sani ba, ana ɗora wa fari laifi. Da aka fara gauraya tutiya cikin takinsu, amfanin gonaki da yawa ya ƙaru ƙwarai. Yanzu sai mu komo gida.

Noman mutanen da

Ƙasar Malumfashi, inda Galadiman Katsina ya ke zaune, da maƙwabtanta Ƙafur da Bakori da Funtuwa da Ƙanƙara da Faskari, tun da can an san su da albarkar noma. Ruwansu ya fi na arewacin Katsina, ƙasarsu kuma ta fi jigawar can nauyi. Asalinta daga abu biyu ne: ruɓewar duwatsun da ke ƙarƙashi, irin waɗanda ƙwanƙolinsu ke leƙowa nan da can, da kuma ƙurar da iska ta yi ta kwasowa daga arewa shekaru dubbai tana jibgewa. Irin wannan ƙasa tana da daɗin huɗa, amma ajiyarta ba ta da zurfi. Yawancin abincin da saiwa ke iya samu yana nan bisa-bisa, cikin baƙar ƙasar nan da ruɓaɓɓen ganye da taki suka yi.

Manoman da, Musulminsu da Maguzawansu, dawa da gero da maiwa da wake da auduga 'yar gida su ke shukawa, galibi a gauraye cikin gona guda. Suna da hanya uku ta mayar wa ƙasa abin da suka ci. Ta fari, gonar da ke kusa da gari ana kai mata taki ko wace rani, jakuna na jigilar shara da toka da kashin awaki cikin mangala. Ta biyu, bayan an kwashe amfani Filani su kan sauka a gona da shanunsu, su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba su damin dawa don su ƙara kwana. Ta uku, gonar daji in ta gaji a kan bar ta saura shekaru, itatuwa su tsiro, saiwoyinsu su jawo abinci daga can ƙasa, ganyensu ya zubo ya ruɓe a sama.

Ba wanda ya san sunan tutiya cikin wannan sha'ani, amma ko wace hanya cikin ukun nan tana komo da ita. Saniya ta ci ciyawa a daji, mafi yawan tutiyar da ke cikin ciyawar ta fito cikin kashinta, ta faɗa gona. Hatsin da aka noma kuma a garin a ke cinye yawancinsa, dusa ta tafi ga dabbobi, kara ya zama toka, duka su komo gona a bayan jaki.

Masara fa? A wancan zamani masara abar bayan gida ce. A kan shuka 'yan kunyoyi kusa da juji ko turken awaki, a gasa ɗanya lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Ku riƙe wannan da kyau, gama masara tana cikin tsire-tsiren da suka fi saurin nuna rashin tutiya, amma a wurin da ya fi ko ina taki a garin ta ke zaune, saboda haka ba a taɓa ganin yunwarta ba.

Zamanin auduga da gyaɗa

Da Turawa suka zo, abin da ya fi jan hankalinsu a wannan yanki auduga ce. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila cikin 1902 don samar wa masaƙunsu auduga, shi ya riƙa saye. Cikin 1912 aka shigo da irin nan na Amurka mai suna Allen. Aka kafa gidan gona na Samaru cikin 1922, aka yi gonar yaɗa iri a Daudawa, aka gina gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Tun daga nan amfanin gona ya fara fita da yawa zuwa inda ba ya komowa, auduga da angurya da gyaɗa, wagunu bayan wagunu.

Ma'aikatan Gona na lokacin sun lura ƙasa za ta gaji. Cikin 1928 suka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu, ɗaya daga cikin manufofinsu kuwa shi ne manomi ya ajiye bijimai a gida ya tara takinsu. Cikin 1950 aka yanka waɗansu filaye a Samaru don gwaji mai dogon zango. Wani fili a ba shi kashin shanu kaɗai, wani takin zamani kaɗai, wani duka biyu, wani a bar shi haka nan, ko wace shekara ba canji. Da shekaru suka yi nisa, aka ga filin da ya sami duka biyu shi ya fi riƙe ƙarfinsa. A wajen wannan lokaci ne kuma aka fara tallar supa ga manoman gyaɗa. Amma takin zamanin da a ke zubawa a lokacin kaɗan ne, taki na gida shi ne ginshiƙi har yanzu.

Shekarun da masara ta fita daji

Babban juyi ya zo ne bayan 1970. Aka yi farin 1973, sa'an nan cikin 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa a Arewa ta kusa ƙare ta. A wannan shekara ta 1975 Gwamnati da Bankin Duniya suka buɗe manyan ayyukan gona uku, a Funtuwa da Gusau da Gwambe. Na Funtuwa ya haɗa da ƙasar Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari, ya yi aiki har 1980. Aka yi hanyoyin karkara, aka gina madatsun ruwa, aka buɗe rumfunan sayar da taki da iri kusa da ƙauyuka. Taki ya yi araha, gama Gwamnati ta ɗauke mafi yawan kuɗinsa.

Tare da takin aka kawo sabuwar farar masara mai suna TZB, wadda aka gyara a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Manoma suka gwada, suka ga in an ba ta taki babu hatsin da ke kamo ta wajen cika buhu. Kafin shekara goma masara ta bar bayan gida ta mamaye gonakin daji. Tuwon masara ya shiga gidajen da da ba su san shi ba, kasuwanni irin ta Ɗandume suka cika da manyan motoci masu kwasa zuwa Kudu. Mutane da yawa suka yi rufin kwano, suka sayi babur, suka sauke farali da kuɗin masara. Wannan alheri ne wanda ba mai musunsa.

Amma ku dubi abin da ya sami ƙasa. Tsiron da ya fi kowa son tutiya an fitar da shi daga wurin da ya fi taki an kai shi inda jaki bai taɓa kai mangala ba. Amfanin da a ke ɗauka a ko wace eka ya ninka. Ko wane buhun masara mai kilo 100 yana tafiya da kimanin giram 2 na tutiya cikin ƙwayarsa, karan ma an kwashe shi don girki da danni da abincin dabbobi. Abin da a ke mayarwa kuwa kamfa ne da yuriya, watau manyan abincin nan uku kurum.

Hanyoyin nan uku na mutanen da kuma duk suka raunana. Jama'a ta yi yawa, babu sauran filin da za a bari saura. Gonaki suka yi faɗi, suka yi nisa, takin gida ba ya isarsu. Burtali da makiyaya suka ƙuntata, tsohuwar amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi ta lalace a wurare da dama, har saukar shanu a gona ta yi wuya. Da baƙar ƙasar sama ta ragu, sai zaizaya ta sami hanya, ita kuwa zaizaya wurin da tutiya ta ke shi ta ke fara kwashewa. Akwai kuma wani abu da masana suka tabbatar: in fosfaras ya yi yawa a ƙasar da tutiyarta ta yi ƙaranci, ya kan ƙara hana tsiro samun ɗan abin da ya rage. Don haka manomin da ya ga farin ganye ya ƙara kamfa, wani lokaci ƙara wa cutar ƙarfi ya ke yi da kuɗinsa.

Abin da gwaji ya nuna

Kada mai karatu ya ɗauka ko wace gona a wannan yanki tutiya ta rasa. Cikin 2015 da 2016 masana na Jami'ar Bayero ta Kano da na IITA suka yi gwaji a gonakin manoma a jihohin Kano da Kaduna da Katsina. A ko wace gona su kan yanka filaye, su hana wannan fili abinci guda, su hana wancan wani, don a ga wanda rashinsa ya fi rage amfani. Suka tarar babbar yunwar masara har yanzu ta naitirojin ce da fosfaras. Suka tarar kuma gonaki sun bambanta ƙwarai, har a waɗansu amfani ya kan ƙaru in an haɗa da sauran abincin da babu cikin kamfa, irin su farar wuta da tutiya.

Ma'anar wannan ita ce taki iri ɗaya ba zai dace da ko wace gona ba. Bayan yarjejeniyar taki da Nijeriya ta ƙulla da Maroko cikin 2016, gidajen gauraya taki sun yawaita a ƙasar nan, gauraya taki a gida kuwa ita ke ba da damar a sa wa ko wane yanki abin da ƙasarsa ta rasa. Wanda ya iya karatu ya sami riba a nan, gama in taki yana da tutiya za a rubuta Zn a jikin buhun, bayan lambobin nan uku.

Daga gona zuwa akushi

Maganar ba ta tsaya ga masara ba, don jikin ɗan Adam ma yana bukatar tutiya. Cikin 1961 wani likita mai suna Prasad ya ba da labarin waɗansu samari a ƙasar Iran da suka kai shekarun girma amma jikinsu na yara, abincinsu kusan gurasa ce kaɗai. Cikin 1963 ya tabbatar a Masar cewa rashin tutiya ne. Yanzu an sani rashinta ya kan tsumburar da yaro, ya rage masa ƙarfin jure cuta. Shi ya sa tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce yaron da ke zawo a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari.

Mu kuwa tuwo ne abincinmu safe da dare. Ƙwayar da ta fito daga ƙasa mai yunwa ita ma da yunwarta ta ke zuwa, surfe kuma ya kan fid da wani kashi cikin dusa. Wake da gyaɗa da nama da kifi sun fi hatsi ba jiki tutiya, hatsin da aka jiƙa ya yi tsami kuma, kamar na koko, jiki ya fi samun abin da ke cikinsa.

Abin da manomi zai yi

Da fari ya koyi bambanta alamu. Rashin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa ya ke farawa, rawaya ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiya. Rashin farar wuta ya kan sa sabon ganye ya koɗe duka bai ɗaya. Cutar nan da ƙananan ƙwari ke yaɗawa zanenta sirara ne, a tsittsinke. Na tutiya kuwa zane ne mai faɗi, fari, a sabon ganye, daga wajen gindinsa, baki da jijiya suna nan kore, tsiron kuma gajere. Ya fi fitowa a inda zaizaya ta ci, da inda aka kankare ƙasar sama, da inda aka jibge toka ko farar ƙasa fiye da kima.

In ya ga haka, ya nuna wa malamin gona, in da hali a auna ƙasar. Akwai gishirin tutiya da a ke zubawa a ƙasa ko a fesa a ganye, kaɗan a ke sawa, wanda aka zuba a ƙasa kuma ya kan yi shekaru yana aiki. Kada a yi awonsa da ka, gama in ya yi yawa dafi ne ga tsiro. Sa'an nan ya komo ga abin da kakanninsa suka sani. Ya tara kashin shanu da na awaki da na kaji, ya bar wani abu na kara a gona, ya riƙa juya masara da wake ko waken suya ko gyaɗa, ya tare zaizaya tun tana ƙarama.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Shekara hamsin ke nan ƙasar Malumfashi da Funtuwa tana ciyad da garuruwan da ba ta taɓa gani ba, ana ɗiba daga ajiyar da mutanen da suka tara da jaki da mangala. Gonar nan aro ce a hannunmu, 'ya'yanmu za su karɓa yadda muka bar ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar musu ita da ƙarfinta, amin.